HOTON ƘWAƘWALWA: ME KE SA YA FITO SOSAI?

Jawabi ga jama'ar Gaya da Ajingi

Jawabin yau a kan hoton ƙwaƙwalwa ne, wanda ma'aikatan asibiti ke kira si-ti sikan. Sau da yawa likita kan duba majiyyaci ya ce, "A kai shi Kano a yi masa hoton kai." Wasu su tafi. Wasu kuma su ce ai an riga an yi hoto a nan, don me za a sake kashe kuɗi? To, hoto suna ya tara. Kowane iri da abin da yake iya nunawa.

Dalilin Yin Hoton

A ɗauka wani magidanci ne a Ajingi ya dawo daga gona. Yana zaune sai ƙwaryar fura ta suɓuce masa. Bakinsa ya karkace, maganarsa ta sarƙe, hannu da ƙafa na ɓari ɗaya suka mutu. Wannan shi ne shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini ne kan gaba wajen jawo shi.

Ciwon iri biyu ne. Ko dai jijiya ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, ko kuma gudan jini ya toshe jijiya. Daga waje alamun kusan ɗaya ne, amma maganin ya sha bamban. Maganin tsinka jini yana taimakon mai toshewa, amma yana iya halaka wanda jijiyarsa ta fashe. Shi ya sa likita ke son ganin cikin kai kafin ya ba da magani. Haka ma wanda ya faɗi a babur ko ya faɗo daga bishiya. Jini na iya taruwa a cikin kansa, alhali yana tafiya yana magana.

Hoton Ƙashi Bai Isa Ba

Hoton ƙashi da aka saba da shi, tun 1895 aka gano haskensa a ƙasar Jamus. Yana nuna karaya sosai. Amma ƙwaƙwalwa tana rufe cikin ƙoƙon kai, kuma wannan hoto ba ya nuna ta. Ana iya ganin ƙashin kai lafiya lau, alhali akwai jini a ciki.

Wani injiniya ɗan Ingila mai suna Godfrey Hounsfield ne ya ƙera na'urar da ta warware wannan matsala. A watan Oktoba na 1971 aka fara gwada ta a kan wata majiyyaciya a asibitin Atkinson Morley da ke Landan. A 1979 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Allan Cormack. A Nijeriya, asibitin koyarwa na Ibadan ne ya fara samun irinta a 1987. A Kano akan yi wannan hoto a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu wurare.

Majiyyaci zai kwanta a kan gado. Gadon zai shigar da kansa cikin wani babban zobe kamar bakin randa. Haske zai zagaya kan. Sai kwamfuta ta fitar da hotuna yanka-yanka, kamar an yanka kankana ana duba cikinta. Ba a yanka kowa, kuma babu zafi.

Abubuwan Da Ke Sa Hoto Ya Yi Kyau

Na ɗaya, yawan ɗigo. Hoton ƙananan ɗigo ne aka jera, kamar ɗinkin hula. Hular da aka yi wa ƙananan ɗinki masu yawa ta fi fito da zane. Na'urar farko layi 80 take jerawa, kowane layi ɗigo 80, wato ɗigo 6,400. Na'urorin yanzu layi 512 suke jerawa, kowane layi ɗigo 512, wato fiye da ɗigo 260,000.

Na biyu, kaurin yanka. Yanka mai kaurin milimita 5 yana fito da ƙwaƙwalwa sumul. Yanka siriri, na milimita 1, yana kama ƙaramar tsagewar ƙashi, amma hoton kan yi tsakuwa-tsakuwa. Likita ne ke zaɓa, gwargwadon abin da yake nema.

Na uku, ƙarfin haske. In an ƙara haske, hoto ya fi fitowa tangaran. Amma hasken da ya yi yawa yana da illa ga jiki, musamman ga yara. Don haka akan rage wa yara, kuma ba a yin hoton sai da dalili. Hoton kai guda ɗaya bai kai irin hasken da jikin mutum ke ɗauka daga ƙasa da sararin sama a shekara ɗaya ba. Saboda haka wanda likita ya ce a yi masa, kada ya ji tsoro.

Na huɗu, sauri. Na'urar farko takan yi kusan minti biyar a kan yanka guda. A 1989 aka fito da mai juyawa ba tsayawa, gado na tafiya. A 1998 aka samu mai yanka huɗu a juyi ɗaya, a 2004 kuma mai yanka 64. Irin waɗannan kan gama kai duka cikin daƙiƙu kaɗan. Sauri na da amfani ga yaro da wanda ba ya cikin hayyacinsa, don ba sa iya natsuwa.

Na biyar, allura. Wani lokaci akan yi wa mutum allurar wani ruwa a jijiya kafin hoto. Ruwan kan sa jijiyoyi, ƙari da ƙurji su fito fili. Amma in sabon jini ake nema, ba a bukatar allura. Jinin kan fito fari da kansa.

Aikin Majiyyaci Da 'Yan Uwa

Ko na'ura ta fi kowace kyau, motsi na ɓata hoto. Majiyyaci ya kwanta shiru, kada ya juya kai. Ƙarfe ma na ɓata hoto, yana jawo layuka farare da baƙaƙe. A cire 'yan kunne, sarƙa, tabarau da fil ɗin gashi. Mace mai ciki ta faɗa kafin a fara. Mai ciwon ƙoda, da wanda allura ta taɓa tayar masa da borin jini, su ma su faɗa.

Wani lokaci likita kan ce a sake hoto. Ba cuta ba ce. Toshewar jijiya ba ta cika fitowa a awannin farko ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Can ƙeya kuma ƙashi na da kauri, yakan jefa inuwa a hoton. A nan likita na iya neman hoton na'urar maganaɗisu, wato em-ar-ai. Shi ya fi nuna ƙananan abubuwa, amma ya fi tsada kuma ya fi ɗaukar lokaci.

Abin Da Za A Riƙe

In bakin mutum ya karkace, ko ɓarin jikinsa ya mutu, a kai shi asibiti mafi kusa nan take, kamar Babban Asibitin Gaya. A lura da lokacin da abin ya fara, a gaya wa likita. Kada a ba shi asfirin, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. Wanda ya bugu a kai, in ya suma, ko yana ta amai, ko barci ya rinjaye shi, shi ma a gaggauta kai shi. In an ce a wuce Kano, a kama hanyar Wudil ba tare da jiran gari ya waye ba.

In an karɓi hoto, a haɗa shi da takardar sakamako a kai wa likitan da ya tura. Kada a lanƙwasa shi, kada ruwa ko rana su taɓa shi. Hoton da aka ɗauka da waya ba ya kai na ainihi fitowa, don haka a riƙa zuwa da na ainihin. A adana tsohon hoto, don likita kan gwada shi da sabo.

Daga ƙarshe, rigakafi ya fi magani. Manya su riƙa auna jininsu. Mai hawan jini ya sha magani kullum, ya rage gishiri. Mai babur ya sa hular kwano. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi.