Filin Jirgi, Karofi da Rumfar Kasuwa: Yadda Faɗaɗar Birnin Kano Ke Yanke Musu Hukunci



An nemi in yi magana a kan yadda birni ke juya akalar harkar jiragen sama da sana'o'in gargajiya da ƙananan kasuwanci. Zan tsaya a Kano, domin a nan ne abubuwan uku suke zaune maƙwabta. Daga Kasuwar Kurmi zuwa karofin Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ce, daga can zuwa filin jirgin sama na Malam Aminu Kano kuwa ɗan adaidaita sahu ba zai daɗe ba in hanya a sake take. Abin da nake son kafawa shi ne: dukkansu fili suke buƙata, kuma duk mai yanka filaye a birnin nan shi ke yanke musu hukunci, ko ya sani ko bai sani ba.

Kasuwa ce ta kira jirgi

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Birtaniya ƙirar DH.9A, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a filin wasan dawaki na Kano bayan sun taso daga Masar. Su ne jiragen sama na farko da suka taɓa ƙasar Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu tsakanin Khartum da Kano. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ta nan suke bi, su wuce Maiduguri da Fort Lamy da El Fasher har Alƙahira. Bayan yaƙi, manyan kamfanoni irin su KLM da BOAC da Sabena suka mai da Kano zangonsu tsakanin Turai da kudancin Afirka.

Me ya sa Kano? Jirage masu farfela na wancan zamani ba sa iya dogon zango, dole su sha mai kafin su shiga Sahara ko bayan sun fito daga cikinta. Amma garuruwan bakin Sahara suna da yawa. Kano ta yi fice ne saboda ta riga ta zama birni. Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, saboda haka akwai hanyar kawo mai daga bakin teku. Inda ayarin raƙuma ya saba yada zango, nan jirgin sama ya tarar da masauki a shirye.

Da jirage masu dogon zango suka fito, buƙatar tsayawa shan mai ta kau. Kamfanoni suka yi ta janyewa ɗaya bayan ɗaya, har KLM, wanda ya fi kowa daɗewa, ya daina zuwa a 2012. Abin da ya riƙe filin jirgin daga nan shi ne mutanen birnin kansu: alhazai, waɗanda kakanninsu ke shafe shekaru a hanyar Chadi da Sudan, da 'yan kasuwa masu zuwa Jidda da Dubai da Sin.

Gari ya cim ma filin jirgi

Sanda aka shata filin, bayan gari ne, gonaki ne ke kewaye da shi. Yau duk wanda ya leƙa ta taga jirgi na sauka, rufin kwano yake gani har kusa da katanga. Kurna da Bachirawa da Jaba da Fanisau da Birget duk sun cika sun batse. Mun riga mun ga abin da wannan ke jawowa. Ranar 4 ga Mayu, 2002, da rana tsaka, jirgin EAS ƙirar BAC 1-11 mai zuwa Legas ya zarce ƙarshen titin tashi, ya ɗaga da ƙyar, ya faɗa kan gidajen Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, cikinsu har da mutanen da suke zaune a gidajensu, ba su sayi tikiti ba, wasu ma ba su taɓa shiga jirgi ba. Allah ya jiƙansu.

Akwai ilimin da ya kamata mai tsara gari ya riƙe daga wannan. In zafi ya tsananta, iska takan yi sako-sako, inji ba ya samun cikakken ƙarfi, fiffike ba ya ɗaukar nauyi da wuri. A watannin bazara, sa'ad da zafin Kano ke kai maki 40, jirgi na buƙatar titi mai tsawo da sarari fayau a gabansa fiye da yadda yake buƙata a ƙasar sanyi. Wato filin da mai gida ke gani fanko a ƙarshen titin jirgi, yana cewa an bar shi a banza, yana cikin kayan aikin jirgin.

Wani abu kuma shi ne, irin jirgin da ya faɗi a Gwammaja ƙarar injinsa ce ta sa aka kore shi daga sararin Turai. Mazauna biranen can sun matsa wa hukumominsu lamba, aka tsaurara dokar ƙara, masu ƙera injuna suka koma zane har suka fito da injuna marasa rugugi. A filin jirgin London City, saboda dogayen gine-gine da maƙwabta, jirage na gangarowa a kusurwar digiri 5.5 maimakon 3 da aka saba, kuma sai jirgin da aka tantance ne ke sauka. Can, birni ya faɗa wa fasaha abin da yake so, ta bi. Tsofaffin jiragen da suka kasa cika sharaɗi, da yawansu Nijeriya aka kawo su. Sai bayan hatsarin Gwammaja gwamnati ta dakatar da su.

Sauran matsalolin na kullum ne. Bola da kwata da kududdufi suna tara shirwa da balbela, tsuntsu ɗaya kuwa in ya faɗa inji ya isa ya mai da jirgi baya. Hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, na ba da shawarar a lura da duk abin da ke jan tsuntsaye har nisan kilomita 13 daga filin jirgi. A auna wannan a taswirar Kano a gani, kusan birnin ne gaba ɗaya. Ga turakun sadarwa da benaye da ke buƙatar izinin tsawo daga hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, NCAA. Ga hazon hunturu, wanda hayaƙin ƙona shara ke ƙara wa duhu, ya sa a soke tashi alhali da ingantattun na'urorin sauka da ba a soke ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da hukumar filayen jiragen sama, FAAN, za ta iya gyarawa daga cikin katangarta. Aikin masu tsara birni ne da masu kwashe shara.

Karofi

A nan zan ɗan daɗe, don nan abin ya fi yi mini ciwo. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, masana'anta ce da ba ta cin lantarki ko fetur. Rami ne mai zurfin gaba biyu zuwa uku, an shafe shi da laso don kada ya tsiyaye. A zuba ruwa da toka da baba, a bar su su ruɓa, ana motsawa, har kumfa mai duhu ta taso. Marini ya tsuguna bakin rami ya tsoma zane, ya ɗago shi yana kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗa zuwa shuɗi a kan idonka. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, gwargwadon duhun da mai kaya yake so. In baba ya mutu, a kwashe katsin da ya kwanta a ƙasa, a ƙona shi, da shi za a sake yin laso. Kafin zane ya zo karofi, mata ne a cikin gidaje suka ƙulle shi da zare suka fitar da ado. Bayan ya bushe, mabuga su ɗora shi a kan gungume su yi ta bugu har ya yi sheƙi. Zane ɗaya, gida huɗu ko biyar sun ci abinci.

Wannan sana'a birni ne ya haife ta, domin sai a birni ake samun masaƙi da marini da mabugi da dillali da baƙon Buzu mai neman turkudi duk a wuri guda. Birnin ne kuma yake shaƙe ta yanzu. Unguwanni da dama a da suna da karofinsu, haka Kura da sauran garuruwan rini. An cike ramuka an yi shaguna, domin kuɗin hayar shago a shekara ya fi abin da rami ke kawowa. A Ƙofar Mata ma ramukan da ke aiki ba su kai waɗanda suka bushe ba. Ana yawan ɗora laifin a kan atamfa da shaddar waje da suka cika Kantin Kwari, kuma da gaskiya a ciki. Amma kasuwa takan faɗi ta tashi. Ramin da aka cike aka ɗora bene a kansa shi ne ba ya dawowa.

Haka labarin majema da dukawa yake. Fatar jan akuyar Sakkwato da ake jemewa da bagaruwa, ita ce Turawa suka sani da sunan fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Yau manyan kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai suna fitar da fata zuwa Italiya da Sifen, baduku na Ƙofar Wambai kuma sau da yawa yana haɗa takalmi da roba, don fatar garinsa ta fi ƙarfin aljihunsa.

Jirgi ya zo da kaya, ya koma da me?

Wayar hannu ta buɗe wa mai ƙaramin jari ƙofar da kakansa bai samu ba. Baduku ya ɗora hoton jaka a WhatsApp ko Instagram, wata a Landan ko Jidda ta ce a yi mata biyar. Daga nan wahala ta fara. Kuɗin aikawa ta kamfanin saƙo yakan kai kuɗin jakunkunan ko ya fi. Rajistar hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, NEPC, da takardun banki na fitar da kaya an tsara su ne da mai kwantena a zuciya. Ƙarshenta sai ya nemi matafiyi ya roƙe shi ya sa a akwati, ko ya ɗora a mota ta yi tafiyar kilomita kusan 1,000 zuwa Legas, alhali jirgin Ethiopian da na EgyptAir da na Qatar suna tashi daga bayan gidansa. Je ka wajen isowa ka ga tulin ƙunshin kaya da ke sauka daga Dubai da Sin, sannan ka zagaya wajen tashi ka nemi kayan da aka yi a Kano.

Ba ƙarancin basira ba ne. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa helikwafta da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarfe, har ta ɗaga daga ƙasa. Kwalejin koyon tuƙin jirgi tana Zariya tun 1964. A Kaduna, tun 2022 jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline ke kai magani asibitocin karkara. Yankin ciniki maras haraji yana Fanisau, jikin filin jirgi, tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki kuma an buɗe ta a 2023. Kayan duk suna nan, mai haɗa su ne babu.

Abin da nake roƙo

Na farko, ga hukumar tsara birane ta KNUPDA da ma'aikatar filaye: a zauna da FAAN da NCAA a fitar da taswira guda wadda ta nuna hanyar tashi da saukar jirage, a buga ta kowa ya gani, a daina ba da takardar fili a ƙarƙashinta. Waɗanda suka riga suka gina, da yawansu da guminsu suka saya a hannun dillalai, kada a wayi gari da katafila a ƙofarsu. In tashi ya zama dole, a biya diyya ta gaskiya. A kuma kawar da bola daga kewayen filin.

Na biyu, a yi wa karofi da majema da rumfunan mabuga rajista a matsayin wuraren sana'a da doka ta hana a sauya musu aiki, a kai musu ruwa da magudana. Gyaran katanga da kafa allo don masu yawon buɗe ido ba ya mai da baba cikin rami.

Na uku, kuma shi na fi ba muhimmanci, a buɗe wurin tara ƙananan kaya a filin jirgi, inda mai kilo 10 da mai kilo 20 za su haɗa kayansu a takarda ɗaya, kwastan da masu duba inganci suna zaune a ɗaki guda, farashi a rubuce a bango. Ƙungiyoyin Kurmi da Wambai da Kwari suna da tsarin shugabanci da zai iya tsaya wa 'ya'yansu. Ya shugabannin kasuwa da ke zaune a nan, wannan ba sai an jira Abuja ta fara ba. Ku haɗa sunayen masu sana'ar da ke da masu saye a waje, da nauyin abin da suke aikawa a wata, ku kai wa kamfanonin jiragen da hukumar filin jirgi kafin wannan shekara ta ƙare.