Kududdufi Ma Aji Ne: Jawabi a Taron Reshen Ƙungiyar Malamai



A jami'o'in da ke gaɓar teku, ɗaliban nazarin halittun ruwa sukan bar aji na makonni, su tare a bakin ruwa suna awo da rubutu. Mu a Zazzau ba mu da teku, amma Allah bai hana mu ruwa ba. Kubanni na zuba a Galma, Galma a kogin Kaduna, Kaduna a Kwara, Kwara kuwa sai Tekun Atlantika. Ledar da yaro ya jefa a kwata a Kusfa ta kama hanyar teku ke nan.

Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, sukan je madatsar Kubanni su ɗebo ruwa, su duba ƙananan halittun cikinsa da madubin ƙara girma. Daga hannunmu suke fita. In ba mu koya musu lura ba, za su isa Samaru da hadda kawai.

Ga kududdufan cikin ganuwa, waɗanda kakanninmu suka haƙa don ƙasar gini. Akwai kainuwa da kwaɗi da tsutsar sauro, akwai kuma katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwan cutar na fita cikin fitsarin mai ita, ya ƙyanƙyashe a ruwa, tsutsar ta shiga katantanwa, ta fito ta huda fatar yaron da ya zo wanka. Yaron da ya ga katantanwar da idonsa ba zai ƙara ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balaga ba. Gani ya kori ji.

Kuma kududdufan nan su ke shanye ruwan damina. Yau ana cike su da shara ana gini a kai, sai ruwa ya rasa masauki ya faɗa gidaje.

Roƙona shi ne reshenmu ya nemi hukumar ilimi ta ware rana ɗaya kowane zango don wannan fita, da yardar iyaye da masu unguwanni. Kayan aiki ba su wuce kwalba da rariya da littafi ba. Sharaɗi ɗaya ne: daga baki za a tsaya, kada yaro ya sa ƙafa ko hannu a ruwa.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka.