Sitiyarin Jirgi Ba Ya Mutuwa Bai Yi Kashedi Ba

Ranka ya daɗe Dagaci, Sarkin Ruwa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, da matuƙa jiragen wannan gaɓa ta Yawuri, Allah ya saka da alheri da kuka amsa kira.

Jirgin ruwa ba shi da birki. Idan kututture ko wani jirgi ya ɓullo a gabanka, abin da kake da shi kawai shi ne ka kauce. Kun fi ni sanin cewa tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa. Saboda haka lafiyar sitiyari ita ce lafiyar duk wanda ya hau. Shi kuwa sitiyari, kafin ya ƙi aiki sai ya yi ta nuna alama. Alamomin uku ne.

Ta farko, tauri. Ka ga direba yana murɗa sitiyari da hannu biyu yana cije leɓe. Yawanci giris ne ya bushe, ko tsatsa ta ci kebul ɗin da ya taso daga sitiyari zuwa inji. Kada a tsaya cacar baki a kan inda ciwon yake. A kwance kebul daga jikin inji, a murɗa sitiyari shi kaɗai. In ya saki, matsalar tana wurin da inji ke juyawa, sai a wanke a sa sabon giris. In yana nan da taurinsa, kebul ne ko akwatin sitiyarin. Kebul da ya kumbura ko fatarsa ta tsage ba a ɗinke shi, sabo ake sawa. Mai injin riƙon hannu, irin Yamaha ɗinmu, ya duba notin da ke ɗaure wuyan inji, wataƙila an matse shi fiye da kima.

Ta biyu, lako-lako. Ka juya sitiyari ya yi tafiya kafin jirgi ya amsa. Wannan ya fi tauri haɗari, domin ba ya gajiyar da hannu, sai a saba da shi. Ko dai noti ya kwance, ko haƙoran cikin akwati sun cinye. A bakin gaɓa, inji a kashe, mutum ɗaya ya riƙe sitiyari, wani ya girgiza ƙafar inji dama da hagu. In tana rawa alhali sitiyari bai motsa ba, kada a ɗauki fasinja. Masu sitiyarin mai, in kun ji shi laɓo-laɓo, mai ya ragu ko iska ta shiga, a nemi inda yake yoyo kafin a ƙara.

Akwai manyan jiragen gudu da injinsu ke zaune a ciki, ƙafar farfela ce kawai a waje, irin MerCruiser da Volvo Penta. Su famfo ne ke taimaka wa sitiyarinsu, kuma bel ke juya famfon. In sitiyari ya yi nauyi kwatsam yana ƙara, a fara da bel da man famfo. A kuma duba robar nan mai ninki-ninki da ke tsakanin ƙafa da bayan jirgi, domin in ta yage ruwa zai riƙa shiga ciki.

Ta uku, jirgi ya riƙa ja gefe ɗaya. Kafin a kira bakanike, a ɗaga inji a duba farfela. Tsohuwar koma, igiya ko kainuwa sukan naɗe ta, zaren kamun kifi ma yakan yanka robar da ke tsare mai. Ko kuwa an daki yashi, reshen farfela ya lanƙwashe. Sama da farfela akwai ɗan ƙarfe mai kamar wutsiyar kifi: in jirgi na ja dama, a sassauta shi a karkata bayansa dama kaɗan, a gwada. In duk wannan lafiya, to lodi ne. Buhuna sun taru gefe guda, ko jirgi ya nutse har ba ya jin juyi. Ba mu manta da jirgin da ya nutse a yankin Wara a watan Mayun 2021 ba, da ɗimbin rayukan da aka rasa. Allah ya jiƙansu.

In sitiyari ya ƙwace a tsakiyar ruwa, a rage wuta nan take, a ce kowa ya zauna inda yake. Filafili da gwangwala kada su bar cikin jirgi don an sayi inji.

Iyaye mata masu zuwa cin kasuwa, kuna da bakin magana. In kun ga direba na kokawa da sitiyari tun daga gaɓa, ku sauka, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku sa rigar ruwa, ku ƙi tafiyar dare, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ma ta hana.

Sarkin Ruwa, roƙonmu gare ka shi ne kowace ranar kasuwa, kafin lodi, kowane direba ya murɗa sitiyarinsa ƙarshe zuwa ƙarshe a gaban shugabannin tasha. Wanda nasa ya gaza, ya ɗaure jirgi sai ya gyara. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Allah ya tsare mu, ya kai kowa gida lafiya.