Darasin Lantarki da Maganaɗisu: Abin da Ke Jiran Ku a Jami'a



Da yawa cikinku suna shirin bakaloreya, kuma suna son karatun lantarki a jami'a, ko a Yamai, ko a Maraɗi. To ku saurara. Akwai darasin da ba za ku kauce masa ba, wato lantarki da maganaɗisu da yadda ake aiki da su.

Kada ku shiga aji da tunanin ran farko za a miƙa muku waya da filaya. A'a, da lissafi ake farawa. Za a koya muku ƙarfin da ido ba ya gani, mai girma da kuma inda ya dosa, kamar wanda ke juya allurar kamfas. Wanda hannunsa bai faɗa da "deribe" da "antegaral" ba tun daga lise, nan ne yake fara ja da baya.

Ginshiƙin darasin ƙa'idoji 4 ne na Maxwell. A 1820 Oersted ya gano wutar da ke bin waya tana karkatar da allurar kamfas. A 1831 Faraday ya nuna cewa maganaɗisu mai motsi kusa da naɗin waya yana haifar da wuta. Maxwell ya haɗa su wuri guda, har lissafinsa ya nuna haske ma danginsu ne, mai gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa.

Bayan nan sai amfani. Za ku gane dalilin da ya sa layin Birnin Kebbi zuwa Yamai ke ɗaukar bolt 132,000: idan aka ɗaga ƙarfin, wutar da ke salwanta a hanya ta zama zafi tana raguwa. Sannan taransifoma ta sauko da ita zuwa 220 don gidaje. Injin famfon rijiyar lambu, eriyar rediyo, salular da ke aljihunku, duk nan suka samo tushe.

Shawarata uku ce. Ku bita lissafi tun hutun damina. Kada ku yi fashin awoyin atisaye da na ɗakin gwaje-gwaje, don can ne lissafin ke zama abin taɓawa. Ku haɗu ku uku ko huɗu kuna warware tambayoyi tare, don hadda kaɗai ba ta fid da mutum a wannan jarrabawa.

Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin fiziya ne da ya duƙufa kan makamashin rana. Ƙasar nan na buƙatar irinsa. Allah ya ba ku sa'a.