ABIJAN: KADA KUƊIN MOTA SU CINYE GUMIN ƊAN CI-RANI

Jawabi ga samari masu shirin tahiya bayan kaka

  

Hatsi ya shiga rumbu. Na san da yawa cikinku sun fara ɗaurin kaya. Wasu Abijan za su, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kwadebuwa. Zancena na yau guda ne: yadda baƙo zai yi zirga-zirga cikin wannan gari. Kada ku rena zancen. Wanda bai san hanya ba, abin da ya samu da guminshi mota ke cinyewa. Kuɗin nan kuwa su ne iyali ke jira gida.

RUWA YA RABA GARIN

Abijan ba kamar Maraɗi ko Damagaram ba ce. Ƙidayar 2021 ta samu mutum hiye da miliyon 5 da rabi cikinta. Tana bakin teku. Wani babban tabki mai suna Ebiriye ya ratsa tsakiyarta. A 1950 aka gama haƙa hanyar ruwa ta Biridi, aka haɗa tabkin da teku. A 1951 aka buɗe tashar jiragen ruwa. Tun daga nan garin ke ta girma.

Ku riƙe garin kashi ukku. Arewa da tabki akwai Ajame, Abobo, Kokodi, Yopugon, da Plato, unguwar bankuna da ma'aikatun gwamnati. Tsakiyar tabki akwai tsibiri. Nan Tireshbil take, da Markori, da Kumasi. Wannan Kumasi ba ta Gana ba ce. Kudu, bakin teku, akwai Porbuwe inda hilin jirgin sama yake, da Biridi unguwar masana'antu.

Daga arewa zuwa tsibiri gada ukku ce. Biyu sun haɗa Plato da Tireshbil: gadar Ufuwet Buwanyi ta 1957, da gadar Dogol ta 1967. Ta ukku, gadar Bediye, an buɗe ta a 2014 tsakanin Kokodi da Markori. Ita sai an biya ake wucewa. Akwai wasu sabbi biyu can arewa. Ɗaya ta haɗa Kokodi da Plato tun 2023. Ɗaya ta haɗa Yopugon da wajen Ajame tun 2024.

Me ya sa nike ƙidaya muku gadoji? Don nan cunkoso yake. Da sahe jama'ar Abobo da Yopugon na kwarara zuwa Plato da tashar jiragen ruwa. Da marece su juyo. Kowa gada yake nema. Wurin da kake hange da ido, kana iya yin awa biyu cikin mota ba ka kai ba. Saboda haka a Abijan kada ka ce: wurin da nisa? Ka ce: akwai ruwa tsakanina da shi?

MOTOCI IRI HUƊU

Na farko bis na kamfanin SOTRA, wanda aka kafa a 1960. Kowane bis da lambarshi a goshi. Kowace lamba da hanyarta. Ba ya tsayawa sai wurin tsayawarshi. Yana da araha, amma akwai jira da matsi. Ka tambayi lambar unguwarka, ka rubuta ta ga takarda. In ka sayi tikiti, ka riƙe shi har ka sauka, don masu bincike na shiga.

Na biyu gbaka. Ƙaramar motar haya ce. Yaron mota na rataye ga ƙofa, yana kiran sunan unguwa. Gbaka ke ɗaukar mutanen Abobo da Yopugon zuwa Ajame, inda babbar tasha take. Ba a yarda ta shiga Plato ba. Ku kula da abu guda. In mutane sun yi yawa, wasu na raba hanya biyu. Su sauke ka tsakiya, ka sake biyan wata mota. Kahin ka sa ƙafa, tambayi inda za ta tsaya da nawa ne.

Na ukku woro-woro. Taksi ne na haɗin gwiwa, kowa ya biya kujerarshi. Julawa ma da dala suke ƙidayar kuɗi, kamar mu. Ga harshensu woro shidda ne. Can da, dala 6 ake biya, wato sefa 30, sai sunan ya bi motar. Yau kuɗin sun wuce haka nesa. Kowace unguwa da launin motarta. Na Yopugon shuɗi ne. Na Kokodi ruwan ɗorawa. Na Markori da Kumasi tsanwa. In ka san launi, ka san unguwar da motar ke yawo.

Na huɗu taksi mai ruwan goro, mai agogon ƙidayar kuɗi. Shi yana zuwa ko'ina, kai kaɗai yake ɗauka. Akwai kuma waɗanda ake kira ta salula, irin su Yango, su gwada maka kuɗin tun ba ka shiga ba. Waɗannan na ranar larura ne: rashin lahiya, ko dare, ko kaya masu nauyi. In za ka shiga taksi, ko ya tada agogo, ko ku yanke kuɗi tun farko. Ciniki bayan an iso faɗa ne.

Duk wadda za ka shiga, ka tanadi canji. Canji na da wuya Abijan. In ka miƙa jikka, yaron mota na iya haɗa ka da wani fasinja, ya ba ku takarda guda, ya ce ku raba. Mota ta tahi, ku kuna tsaye kuna neman canji.

KADA KU JI TSORON JIRGIN RUWA

Mu mutanen tudu ne, ruwa na ba mu tsoro. Amma tabkin da ya raba garin, shi ma hanya ce. SOTRA na da jiragen fasinja bisa tabki, da tasha da tikiti kamar bis. Tun 2017 wasu kamfanoni sun shigo aikin. Jirgi na tashi daga Abobo-Dume, kusa da Yopugon, zuwa Plato da Tireshbil. Ku lura, Abobo-Dume daban, Abobo daban. Bisa ruwa babu cunkoso. Akwai kuma kwale-kwalen katako masu inji, da suke kira pinas. Sun hi araha. Amma in ka ga an cika shi ya wuce kima, bari ya tahi, jira na baya.

Ga misali. Yaro na kwana Yopugon, yana dako Tireshbil. In ya bi tudu, woro-woro ya kai shi bakin hanya, gbaka ta kai shi Ajame, wata mota ta ƙetare da shi gada. Biya ukku ke nan. Komawa ma ukku. Shidda a wuni, 36 cikin kwana 6. In ya bi ruwa, mota guda zuwa tasha, sai jirgi. Biya 4 a wuni, 24 cikin kwana 6. Ku lissafa abin da ya rage mishi a wata 5 na rani.

GA MASU TUƘI

Na san cikinku akwai direbobi. Tun 2023 takardar tuƙi ta Kwadebuwa na da maki 12. Kowane babban laihi a rage maki. In sun ƙare, a hana ka tuƙi. An kafa na'urorin ɗaukar hoto bisa manyan hanyoyi. Ko babu ɗan sanda, gudu ya wuce ƙa'ida tara na biyo ka. Takardun mota su zama cikakku, suna tare da kai. Kuma ruwan sama na can ba irin namu ba ne. Daga Mayu zuwa Yuli hanyoyi na cika da ruwa. Inda ba ka ganin kwalta, kada ka sa mota.

ABIN DA ZA KU TAHI DA SHI

Ka nemi masauki gehen ruwan da aikinka yake, ko da ɗakin ya hi tsada kaɗan. Ka hita da asuba, kahin gada ta cika. Ka rubuta sunan unguwarka da lambar salular mai masaukinka, ka sa aljihu tare da takardar shaidarka. Kuɗi kada su zauna aljihun baya cikin tashar Ajame. Makon farko ka bi ɗan'uwa da ya daɗe can, ka koyi hanya. Matambayi ba ya ɓata.

Iyayena, ku tuna musu wannan ranar sallama. Samari, Allah ya kai ku lahiya, ya maido ku kahin ruwan shuka.