Jawabin kakanni biyu a taron ƙungiya, bayan rasuwar jikansu



Mun roƙi shugabanni su ba mu ɗan lokaci a wannan taro don mu yi godiya, mu kuma faɗa maku abin da ya riƙe mu, mu biyu, tsoho da tsohuwa, tun ranar da muka rasa jikanmu.

Kun san a watan Satumba, gero ya fara nuna, masassarar cizon sauro ta kama shi, yaro ɗan shekara 4. Kwana 2 muna cewa za ta sauka. A rana ta 3 ya fara sanƙarewa, aka ɗauke shi bisa babur zuwa likita. Ma'aikata sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma kafin gari ya waye ya cika.

Kowa ya san wasan kaka da jika. Tsohuwa tana ce masa maigida, yana ce mata zai saya mata zane in an yi girbi. Tsoho kuwa yana ce masa ɓarawon mata. A lissafinmu shi ne zai raka mu kushewa, sai ga mu mun raka shi. Baƙin cikin kaka biyu ne: ga na jika, ga na ɗanka da kake kallo yana haɗiye kuka saboda kara, ba ka da abin yi masa.

Ba za mu ɓoye maku ba, mun yi kwanaki addu'a ba ta fita daga bakinmu. Mata masu zumunta ne suka riƙa zuwa da marece, su zauna da mu, su karanta mana Littafi Mai Tsarki. Abu 3 suka shiga zuciyarmu.

Na 1, Yesu Almasihu da kansa ya yi kuka a Betanya, a kabarin abokinsa Li'azaru, ko da yake ya san zai tashe shi. Daga nan muka daina jin kunyar hawayenmu. Kuka ba rashin bangaskiya ba ne.

Na 2, labarin sarki Dawuda a littafin Sama'ila na 2, sura 12. Ɗansa ya kwanta ciwo, ya yi azumi, yana kwana a ƙasa. A rana ta 7 yaron ya mutu. Sai Dawuda ya tashi ya yi wanka, ya tafi ya yi sujada, sa'an nan ya ci abinci. Ya gaya wa bayinsa yaron ba zai komo wurinsa ba, shi ne zai tafi wurin yaron. Mu tsofaffi, wannan magana ta fi zama tamu, don tafiyar da ta rage mana ba ta da tsawo.

Na 3, a Markus sura 10, da almajirai suka hana a kawo yara, Yesu ya tsauta masu, ya rungume yaran, ya sa masu albarka. Hannun da jikanmu yake ciki ya fi namu.

Ciwon bai warke ba. Har yanzu tsohuwa takan rage masa fura a ƙwarya, sai daga baya ta tuna. Amma mun tashi, mun ci abinci, mun koma majami'a.

Godiya ta musamman ga maƙwabtanmu Musulmi. Su ne suka fara ɗaukar gatari da shebur suka taya mu gina kabari, matansu suka kawo tuwo kwana 3. Mutuwa rigar kowa ce, kun kuwa nuna mana zumunci ma na kowa ne.

Roƙonmu ɗaya: kada ku jira kwana 2 kamar yadda muka jira. In jikin yaro ya yi zafi, a kai shi likita ranar nan. A kwana cikin gidan sauro, a kuma karɓi maganin rigakafin da ake ba yara kowane wata da damana. Dogara ga Allah ba ta hana gaggawa.

Allah shi ta'azantar da duk wanda ya yi rashi. Amin.