Cututtukan Yis a Jikin Dabbobin Gida da na Kiwo

Yis wata ƙanƙanuwar halitta ce mai ƙwaya ɗaya, daga dangin funfuna, wadda ido ba ya ganinta sai da madubin ɗakin gwaje-gwaje. Yana hayayyafa ne ta hanyar toho: ƙwaya ta fitar da ɗan ƙullutu a gefenta, ƙullutun ya girma, ya ɓalle ya zama wata ƙwayar. Irin da masu gidan burodi ke zubawa a kwaɓi ba ya cutar da kowa. Waɗanda suka shafi mai kiwo su ne Candida da Malassezia da Cryptococcus, sai kuma wani ɗan'uwansu da ke kama dawaki.

Biyun farko ba baƙi ba ne a jikin dabba. Lafiyayyar kaza tana ɗauke da Candida a bakinta da hanjinta, lafiyayyen kare yana da Malassezia a kunnensa. Abin da ke hana su yin ɓarna shi ne dubban bakteriya masu amfani da suke zaune tare da su, suna cinye abincin, suna tare wurin zama. Ranar da aka kashe waɗannan maƙwabta, ko garkuwar jiki ta yi rauni, ko fata ta daɗe a jiƙe, sai yis ya samu fili. Saboda haka tambayar likitan dabbobi ta farko ita ce: me aka ba dabbar nan kwanan baya, kuma kwana nawa aka yi ana ba ta?

A unguwa irin Unguwar Rogo, inda tsakar gida ɗaya kan haɗa jar akuya da ragon layya da akurkin kaji da ɗakin tantabara, amsar tambayar sau da yawa ita ce kafso. Da zarar kaza ta saki fukafukai, sai a aiki yaro kemis ya sayo ja da yalo, a farke a zuba a ruwan sha. Masu kajin gidan gona kuwa sukan fara ba 'yan tsaki maganin kashe bakteriya tun ranar da aka kawo su, wai rigakafi, a yi mako biyu ko fiye ba a tsaya ba. Wannan magani ba ya taɓa yis ko kaɗan, abokan hamayyarsa kawai yake sharewa.

Sakamakon yakan bayyana a maƙoƙo, wato jakar nan ta gindin wuya inda tsaba ke taruwa kafin ta gangara ƙundu. Candida albicans yana mamaye bangonta. Tsuntsun ya daina girma, gashinsa ya hargitse, maƙoƙon ya cika da ruwa ya yi laushi, kuma ko da safe, lokacin da ya kamata a same shi wayam, ana jin sa a cike. Idan aka matsa shi a hankali, wari mai tsami ke fitowa ta baki. In aka yanka aka buɗe jakar, maimakon bango mai santsi sai a ga ya yi kauri, da wani farin abu manne a kai kamar gudajin kindirmo, wanda in an kankare shi ake tarar da gyambo a ƙasa. 'Yan tsaki da ƙananan talotalo da 'ya'yan tantabara su suka fi kamuwa, kuma cutar ba ta cika kashe garke kaf ba. Abincin da ake zubawa ba a ganin nama shi ne asarar. Mai kaji da ya ga haka yakan ce maganin bai ji ba, ya canza wani kafson mai ƙarfi, alhali maganin ne ya jawo matsalar.

Tsamammen abinci ma yana da nasa hannun. Dusar da aka jiƙa da safe aka bari a kwano cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi a Sakkwato ke wuce digiri 40, kafin la'asar ta fara kumfa. Da damina kuma, musamman a Agusta, buhun abincin da aka ajiye a ƙasa yana jan danshi. Ƙarancin bitamin A, wanda ke yawaita da rani idan ɗanyen ganye ya ƙare, yana raunana bangon baki da maƙogwaro.

Maganin farko shi ne dakatar da kafso da wanke mazubin ruwa kullum. Daga nan likita kan rubuta nistatin, maganin da wasu mata biyu masu bincike, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano a jihar New York ta Amurka a 1950. Hanji ba ya tsotse shi zuwa jini, don haka sai ya taɓa wurin ciwon yake aiki. Akwai kuma tsohuwar dabara ta zuba shuɗin gishirin tagulla, kofa salfet, rabin giram a litar ruwa. Amma a gidan da tumaki ke kai baki kwanon kaji wannan haɗari ne, domin tunkiya ba ta jure tagulla. Yana taruwa a hantarta har ya kashe ta.

A shanu da awaki, inda yis ya fi yin ta'adi shi ne hantsa. Yawancin kumburin hantsa bakteriya ke haddasa shi, shi ya sa ake sayar da maganin da ake ɗurawa ta kan nono. Idan aka ɗura shi ba a goge kan nonon ba, ko aka yi amfani da bututu ɗaya ga shanu da dama, ko aka haɗa maganin a gida cikin sirinji mai datti, to da hannun mai kiwo aka tura yis ciki. Bayan 'yan kwanaki hantsar ta ƙara kumbura ta yi tauri, saniyar ta yi zazzaɓi, madara ta ragu ta fito da gudaji. Alamar da ta fi tona shi ita ce ciwon yana ƙaruwa ana cikin magani. Yawancin irin wannan yakan warke da kansa cikin makonni idan aka daina ɗura komai, aka riƙa tatsewa tas sau da yawa a rana. Haƙurin ne ke da wuya ga mai saniyar Bokolo ɗaya da gida ya dogara da nononta. Maraƙi ko ɗan akuyar da uwarsa ta mutu ake shayar da shi da kwalba, shi ma yakan yi farin baki idan ba a wanke kwalbar.

Malassezia na fata ne, kuma maiƙo yake ci. Danginsa ne ke kawo kyasbi da amosani a jikin mutum. Irin na dabbobi, Malassezia pachydermatis, an fara bayyana shi a 1925 daga fatar wata karkanda. A kare yana zama a kunne da tsakanin yatsu: kare ya yi ta kaɗa kai yana susa, kunnen ya cika da baƙin dauɗa mai ƙarni. Karnukan waje masu faɗaɗɗen kunne, waɗanda ake sayowa don gadi, sun fi karen farauta mai ɗan gajeren gashi fama da shi. Ana wanke shi da sabulun magani mai mikonazol ko ketokonazol, amma zai dawo muddin ba a magance ƙuma ko kaska ko ƙazuwar da ta fara ɓata fatar ba.

Cryptococcus daban yake, domin daga waje yake zuwa. An gano shi a 1894, kuma a shekarun 1950 Chester Emmons ya nuna cewa tsohon kashin tantabara ne babbar matattararsa. Ita tantabarar ba ta cika kamuwa ba, zafin jikinta ya fi ƙarfinsa. Kashin da ya taru a inuwa ya bushe, in an share shi ƙura ta tashi, ita ake shaƙa. Kyanwa ce ta fi kamuwa: atishawa, majina, kumburin karan hanci. Yana taɓa huhun akuya da hantsar saniya. A mutum mai raunin garkuwa, musamman mai cutar ƙanjamau, yana haddasa wani irin sanƙarau, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin farko na funfuna masu haɗari, tare da Candida albicans. Ba a ɗaukarsa kai tsaye daga dabba. Masu kwashe kashin tantabara don takin albasa a fadama su yayyafa ruwa kafin shara, su rufe hanci, kuma kada a ba mara lafiya ko tsoho wannan aiki.

Na dawaki shi ne Histoplasma farciminosum, wanda a ƙasa funfuna ne, in ya shiga jiki ya koma yis. Ta gyambon sirdi ko wani rauni yake shiga, ƙudaje da kayan doki suna yaɗa shi. Ƙuraje ke jeruwa a ƙafa ko ƙirji ko wuya, su fashe da ruwa mai kauri, su ƙi warkewa. Ya addabi dawakin keken doki a Habasha, kuma jakai ma suna kamuwa. Magani da ayodin yana ɗaukar makonni, yana kuma yin aiki ne idan an fara da wuri, don haka dokin hawan sallah da ya fito da jerin ƙuraje a keɓe shi, kada a ara wa kowa sirdinsa.

Duk waɗannan ba a tabbatar da su da ido, domin makero da kirci da ƙazuwa suna iya yin kama da wasunsu. Ana shafo wurin da auduga, a goga a gilashi, a rina, a duba a madubi; Cryptococcus kuwa da baƙar tawada ake gane shi, saboda kaurin rigar da ke kewaye da ƙwayar. Samun yis kaɗan irin Candida ko Malassezia ba hujja ba ce, tunda dama yana nan. Yawansa tare da alamun ciwo ake dubawa. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana nan cikin Sakkwato, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kuma tana aiki tun 1924. Wanda zai kai madara gwaji ya wanke kan nono ya tsane shi, ya zubar da tatsar farko, ya tara ta biyu a kwalbar da aka tafasa, ya kai ta a ranar tare da kwalin duk maganin da aka riga aka ba dabbar.